Kujerun Dogon Bulhed a Ƙaramin Layin Dogo: Wacce Za a Sa, Kuma a Ina

Wanda ya saba ganin layin dogo a Kano ko Zariya ko Kaduna ya san dogo mai faɗin gindi, wanda yake zama daram a kan silifa, a danne gefensa da ƙarfe shi ke nan. Dogon da Birtaniya ta yi aiki da shi tun tsakiyar ƙarni na 19 har bayan yaƙin duniya na biyu ba haka yake ba. Bulhed ake ce masa. Kansa da gindinsa kusan faɗinsu ɗaya, sai dai kan ya fi kauri, don haka ba ya iya tsayuwa da kansa. Dole sai an zaunar da shi cikin kujerar ƙarfen zubi, an ɗaure kujerar a jikin silifa, wato katakon da ke kwance a ƙasa, sannan an buga weji, wato guntun katako ko ƙarfe mai matsewa, tsakanin dogon da muƙamuƙin kujerar na waje. Wanda aka fi yayi shi ne mai nauyin laba 95 a kowane yadi, tsawonsa ƙafa 60, kujerarsa kuma ta kai kilo 20 da ɗoriya. Wajen 1950 ne British Railways ta koma kan dogo mai faɗin gindi, amma bulhed ya ci gaba da zama shekaru da yawa a ƙananan rassa, da wuraren ajiye taragai, da layukan ƙarƙashin ƙasa na Landan. Duk mai son gina ƙaramin samfurin jirgin ƙasan Birtaniya na zamanin kwal, ba shi da makawa sai ya san kujerun nan.

Abin da nake so mai ginin ya riƙe tun farko shi ne, kujera ba ado ba ce. A layin da aka gina da kujerun roba, su ne suke riƙe da faɗin layin, su ne suke karkata dogon ciki, su ne kuma suke gaya wa mai kallo kamfani da zamanin da ake kwaikwayo. Sayen buhu guda na irin kujera ɗaya a zuba ta ko'ina shi ne hanyar da ta fi ɓata aiki.

A sikelin milimita 4 ga kowace ƙafa, wanda shi aka fi gini da shi a Birtaniya, dogon da ake amfani da shi shi ne Code 75, tsayinsa kusan milimita 1.9. Faɗin layin ya danganta da tsarin da ka zaɓa: OO milimita 16.5, EM 18.2, P4 kuwa 18.83. Kujerar layi ta yau da kullum ɗaya ce a duka ukun. A sikelin milimita 7 faɗin layin 32 ne, ko 33 ga masu ScaleSeven, dogon kuma Code 124 ko 125. Masu milimita 2 suna aiki da Code 40 a kan faɗin 9.42. Alƙaluman da zan kawo nan gaba na milimita 4 ne. Sunayen da za ka fi cin karo da su wajen sayen kujeru su ne C&L Finescale da Exactoscale.

Tambaya ta farko: wane kamfani, wace shekara?

Ana rarrabe kujerar layi da yawan ƙusoshin da suka ɗaure ta. Great Western tana da tata mai biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, kuma ƙusoshin ratsa katakon suke yi gaba ɗaya. Bayan haɗewar kamfanoni ta 1923, LMS da LNER da Southern sun karɓi tsari ɗaya wanda ake kira REA, kuma kujerarsa ta layi ita ce S1 mai sukuru uku, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen. British Railways ta gaji S1 bayan 1948. Kafin 1923 kuwa kowane kamfani da zubinsa, kuma da yawa daga cikinsu, kamar Midland, masu huji huɗu suke amfani da su. To amma kada mutum ya ɗauka ranar da aka canja tsari aka tumɓuke tsohon layi. Ana sabunta babban layi, a kwashe tsofaffin kayan a kai su rassa da bayan tasha. Idan kana kwaikwayon tashar LMS ta shekarun 1930, daidai ne ka sa S1 a babban layi, ka sa mai huji huɗu a layin da ake sauke kaya. Wannan bambancin kaɗai yana sa layi ya yi kama da wanda ya daɗe a ƙasa. Hoton wurin, idan akwai, ya fi kowane jadawali.

Tsawon silifa ma da zamani yake tafiya. Kafin haɗewar kamfanoni ƙafa 9 ne, wato milimita 36, bayanta kuma ƙafa 8 da inci 6, wato 34. Masu OO sukan rage zuwa 32 don layin nasu ya fi na gaskiya tsukewa, idan aka bar katakon da cikakken tsawonsa sai tsukewar ta fito fili. Faɗin silifa inci 10 ne, milimita 3.3, katakon mararraba kuwa inci 12, milimita 4.

Lissafin layi miƙaƙƙe ba wuya. Dogo mai ƙafa 60 ya zama milimita 240, kuma yawanci silifa 24 ake sa masa, kujeru 48 ke nan. Mita ɗaya zai ci silifa 100 da kujeru 200. Ƙara kashi goma a kai, domin wasu za su tsage wajen zurawa, wasu kuma su yi tsalle su ɓace. Tazarar silifa ba ɗaya ba ce duka: a mahaɗin dogo biyu, silifun nan biyu suna matsowa kusa, milimita 8 daga tsakiya zuwa tsakiya, sauran kuwa milimita 10 da 'yan kai. Wasu kamfanoni suna sa silifa mai faɗin inci 12 a mahaɗi tare da kujera mai faɗin gindi, S1J. Idan kamfaninka ba ya yi, kada ka sa.

Inda aikin yake da daɗi, kuma inda ake faɗuwa, shi ne mararraba. Nan S1 ba ta isa ba, domin dogo huɗu ne suke tafiya a kan katako ɗaya, suna matsowa suna rabuwa. Bari mu bi ta daga baki zuwa ƙarshe.

A baki akwai harsuna biyu masu motsi, kowanne yana jingina da dogon da ke tsaye a gefensa. Kujerar wannan wuri ita ce ta zamiya, wadda tsarin REA ya sa wa harafin P. Ba ta da muƙamuƙin ciki, shimfiɗaɗɗen bene ne da harshen yake zamewa a kai. Ba ta da weji kuma, domin a layin gaskiya ɗaure dogon ake yi da noti a jikin muƙamuƙin waje. Yawanta ya danganta da girman harshen: harshen A guda 5 a kowane gefe, B guda 6, C guda 7. A samfuri, nan ne wuri mafi rauni a duk mararrabar, saboda butanon, wato ruwan da ake manna kujerun roba da shi, ba ya kama ƙarfe, kujerar kuma ba ta rungumi dogon ba. Idan aka bar shi haka, harshen zai riƙa tura dogon waje, ko dogon ya lanƙwaso ciki a hankali, sai ka ga taya tana hawa. Magani biyu ne. Ko ka ɗiga sufa gulu kaɗan tsakanin ƙugun dogon da muƙamuƙin waje, geji, wato ma'aunin da ke riƙe faɗin layi, yana ɗaure har gulun ya bushe, ko ka sa kujerar tagulla ɗaya ko biyu a tsakiyar jerin ka liƙa dogon da dalma. Na biyun ya fi ƙarko, kuma shi na fi so ga layin da za a riƙa ɗauka ana kai shi wurin baje koli. Gulun kada ya taɓa benen, in ba haka ba harshen ya maƙale.

Kafin ma a kai ga kujera, dogon da zai karkata yana bukatar a ɗan karya shi daidai gaban tsinin harshe, gwargwadon yadda aka fere harshen: 1 cikin 24 ga A, 1 cikin 32 ga B, 1 cikin 40 ga C. Idan ba a yi wannan karin ba, babu kujerar da za ta hana layin tsukewa a wurin.

Bayan na zamiya sai kujerun dunduniya, masu lamba 1P, 2P har gaba, na hagu da na dama. Kowacce gindi ɗaya ne mai ɗauke da dogo biyu, tazarar tana ƙaruwa daga katako zuwa katako. Lambarsu tana jikin reshen da aka zubo su, don haka kada ka yanke su duka ka zuba a gwangwani. Yanki ɗaya, sa ta, sannan ka yanki ta gaba. Wanda bai samu irin waɗannan ba yana iya yanka S1 biyu ya haɗa cikinsu, amma sai ya kula harshen ya samu 'yancin lanƙwasa a kujerun farko. Idan aka kama shi da wuri, zai yi tauri, injin juya harshen ya riƙa wahala, ratar da leɓen taya zai bi a bayan harshen kuma ta kasa buɗewa sosai.

Daga nan dogo biyun sun rabu, amma ba su yi nisan da S1 biyu za su zauna gefe da gefe ba. Gindin S1 inci 14 da rabi ne a tsawon katako, kusan milimita 4.8. Nan ake sa L1, wadda ake kira kujerar gada domin ita ake ɗorawa a kan dogayen katakan da suke bin ƙarƙashin dogo a gadoji da ramukan duba inji. Gindinta kusan murabba'i ne: ta fi S1 gajarta a tsawon katako, ta fi ta faɗi a tsawon dogo. Shi ya sa take zama daidai a katakon milimita 4, amma ta leƙo waje a silifa mai 3.3. Akwai ƙanwarta M1 don inda wurin ya fi haka matsi. Mutane da yawa sukan datse S1 su cusa, kuma jirgi zai wuce lafiya, amma wanda ya san layi yana gani zai gane. L1 ba ta da tsada, a saye ta.

Sai hanci, inda dogo biyu suka haɗu suka yi tsini, da fukafukai biyu a gefensa. Kujerar da ke ƙarƙashin hancin ita ce A. Bayanta, inda tsinin yake buɗewa, B, C, D. Gabanta, wajen gwiwar fukafukai, X, Y, Z. A tsarin REA bakin hancin ba kaifi ba ne, dakusasshe ne mai faɗin inci uku bisa huɗu, kuma tsakiyar katakon A tana inci 4 a bayansa, kusan milimita 1.3 a samfuri. Wannan ƙaramin awo yana da muhimmanci. Idan hancin ya rataya a tsakanin katako biyu babu abin da ya tallafe shi, duk mararrabar za ta fito a karkace a ido, jerin sauran kujerun kuma ya goce. Kowace kusurwa da nata jerin kujerun: na 1 cikin 6 ba zai zauna a 1 cikin 8 ba.

Shawarata a nan ita ce kada a dogara da roba kaɗai. A haɗa tsinin da fukafukansa a gefe, a kan siraran ƙarafan tagulla masu kaurin milimita 0.6, a liƙe da dalma, ana auna ratar da ke tsakaninsu da ma'auninta. Wannan kaurin ba zaɓin banza ba ne: a kujerar gaskiya dogo yana zaune inci ɗaya da uku bisa huɗu sama da katako, wanda ya zo kusan 0.6 a samfuri, don haka hancin zai yi daidai da sauran dogon da ke cikin kujeru. A datse abin da ya leƙo na tagullar, a manna taron a kan katako da gulu mai ƙarfi, sannan a raba kowace kujera gida biyu a jingina rabin kowacce daga waje don kyan gani. Ƙarafan nan kuma sun haɗa wutar hanci da fukafukai, waya ɗaya ta wadatar.

Daura da hanci akwai dogon kariya a kowane gefe, wanda yake jan bayan taya don kada ɗayar ta bi ta hanyar da ba tata ba. Kujerarsa CC ce, mai ɗauke da dogo biyu, da CCL da CCR a ƙarshen da ya buɗe. Yakan hau katako huɗu ko biyar a ƙananan mararraba. Ratar da ke tsakanin dogo biyun a layin gaskiya inci ɗaya da uku bisa huɗu ce. Kujerun kariya na Exactoscale an zuba su da ratar milimita 0.68 ta P4, da 0.8 don inda aka ƙara faɗin layi a kwana. Mai EM yana bukatar milimita 1.0, don haka idan ya sa na P4 tayoyinsa za su cije. Hanyar da ta fi sauƙi gare shi ita ce ya zura S1 a dogon layi da na kariya, ya yanke cikin kowacce har su haɗu. Kuma wurin dogon kariya daga hanci ake auna shi, ba daga dogon da ke kusa da shi ba: milimita 17.2 a EM, 15.2 a yawancin OO. Ratar da ta rage a gefen, ita ke bin wannan awon.

Yanzu maganar weji. An zuba shi a jikin kujerar robar, ya ɗan leƙo ta gefe ɗaya, shi ya sa reshe yake zuwa da na hagu da na dama. Weji a wajen layi yake zama. A layi biyu, inda jirage suke bin hanya ɗaya kullum, ana buga shi ne ta inda jirgi ya dosa, domin dogo yana ɗan jan ciki gaba a ƙarƙashin jirgi, sai jan ya ƙara matse wejin maimakon ya kwance shi. Ke nan ɓangaren da ya leƙo yana fuskantar inda jirgin ya fito. A layi ɗaya mai kai da komo ana sassaɓa su. A mahaɗi kuwa ƙarfen haɗi ya tare wurin guduma, saboda haka kujeru biyun da ke gefensa ana buga wejinsu ne zuwa wajen mahaɗin. Jera kujerun a kan tebur yadda za su shiga kafin ka fara zurawa, domin idan ka gano kuskure a ta goma sha biyu, sai ka zare duk na bayanta.

Zurawar kanta kamar zura 'ya'yan carbi ce, amma sai an gyara bakin dogon. Abin yanka yana barin ƙaya, ƙayar kuma ita ke tsaga muƙamuƙi. Sa ƙaramin magagari ka ɗan fere gindin da ƙugun ta gefe biyu, kada ka taɓa saman kai. Duba da gilashin ƙara girma ka tabbatar wane ne kai: shi ne mai kauri. Ja masa layi da alƙalamin maka tun daga farko har ƙarshe, domin a Code 75 ido yana ruɗuwa, kuma dogon da aka kifa yana shiga kujera, sai dai ya zauna a sake. Ya fi sauƙi ka tura dogon cikin kujera tun tana jikin reshe, sannan ka yanke ta da reza. Wayoyin wuta a liƙa su a ƙarƙashin dogon kafin a kawo kujeru kusa, domin zafin dalma yana narkar da roba nan take.

Manna zanen layin a kan allo mai laushin fuska. Manhajar Templot ta Martin Wynne tana fitar da zane mai nuna kowane katako, kuma yanzu har ana buga kujeru da injin 3D daga cikinta. Jera katakan a kai da siririn tef mai manne biyu. Idan na filawud ne, rina su tukuna da rini marar mai, domin mai ko kakin zuma yana toshe ƙofofin itacen. Butanon narkar da gindin kujerar yake yi, narkakkiyar robar ta shiga cikin itacen ta kama. Tsoma ƙaramin burushi, taɓa gefen gindin, ruwan zai shige da kansa, danna da yatsa ko ɗan ƙarfe na daƙiƙa goma zuwa ashirin. Filawud yana shan ruwan, yana son a sake taɓawa. Silifar roba kuwa kaɗan take so, idan ya yi yawa siririyar takan lanƙwashe sama bayan kwanaki, layin ya tsuke. Filawud yana da wata fa'ida: idan kujera ta zauna ba daidai ba, ana zura reza a ƙarƙashinta a ɗaga ta a sake mannawa, abin da ba ya yiwuwa idan roba ta narke cikin roba. Butanon yana kama wuta, tururinsa kuma ba shi da kyau ga ƙirji, a buɗe taga, a rufe kwalbar tsakanin tsomawa. A ɗaki mai zafi yana bushewa a burushi kafin ya kai wurin, sai a matso da kwalbar kusa, a yi aikin da safe.

Fara da dogo ɗaya, ka miƙe shi da rula ta ƙarfe, ka manna kujera ɗaya cikin kowace shida, ka duba da ido daga ƙarshe, sannan ka cike sauran. Na biyun da geji ake sa shi. Nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Kujerun suna karkata dogon ciki da 1 cikin 20, kamar na gaskiya. Gejin da ramukansa suke da zurfi yana kama dogon har ƙugu ya miƙar da shi tsaye. Kana cire gejin, robar ta mayar da dogon karkacensa, kawunan biyu su matso, layin ya tsuke. A OO mai yalwar rata wataƙila ba za a ji ba, a P4 kuwa jirgi zai sauka. Gejin da ya dace shi ne wanda yake kama kan dogon kaɗai. Idan naka mai zurfi ne, cike ramin da siririyar waya har ya rage zurfin kai. A kwana, geji mai ƙafa uku yana ƙara faɗin da kansa, muddin ƙafafu biyun suna kan dogon waje.

Bar rata a mahaɗi. Mita ɗaya na dogon nikel yana ƙaruwa da kusan sulusin milimita idan zafi ya hau da digiri 20. Kujerun roba suna barin dogo ya zame a cikinsu, wannan alheri ne, amma idan bakin dogo ya tokari na gaba, ƙarfin zai koma gefe ya ɓalle kujeru. Wanda ya shimfiɗa layi da sanyin hunturu ya bar ratar da ta fi ta wanda ya shimfiɗa da bazara.

Abu na ƙarshe da za a gwada kafin a zuba tsakuwa shi ne tayoyi. Tsofaffin taragan OO masu dogon leɓe suna bugun muƙamuƙin ciki, za ka ji suna kaf-kaf-kaf a kan kowace kujera. Canja tayoyin ya fi a fere kujeru ɗari biyu a kowace mita. Idan komai ya wuce sumul, sai fenti: launin tsatsa mai duhu a kujera da ƙugun dogo, baƙin maiƙo a wajen kujerun zamiya, amma benensu a rufe shi da siririn tef kafin a fesa, a kuma goge saman dogon tun fentin bai bushe ba.